Abubuwan da ya kamata ka sani game da gidajen kula da masu cutar mantuwa a Ingila

Da la'asar sakaliya, a gidan kula da tsofaffi a Ingila, ba wuya ka ga wata tsohuwa ta rataya jaka ta doshi ƙofa. Ta ce yara sun kusa tashi daga makaranta, ko ta ce mahaifiyarta na jiranta. Yaran da take magana a kansu sun ba sittin baya, uwar kuma ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an danna lambobin sirri. Tsohuwa ta jijjiga ta, ta fara ɗaga murya.

Ma'aikaciyar da ke bakin aiki tana iya ce mata, "Nan ne gidanki yanzu, mahaifiyarki ta rasu," tsohuwa ta ji rasuwar sabuwa fil, ta fashe da kuka. Tana iya kiran nas a kawo ƙwaya. Tana kuma iya ɗauko tata rigar sanyin, ta ce, "Mu je in raka ki," su zaga lambu sau biyu tana tambayarta sunayen yaran, har maganar ta sha ruwa, su dawo a haɗa shayi. Hanya ta uku tana cin minti ashirin, kuma sai wadda ta san tsohuwar ce za ta iya bin ta. Duk muhawarar da ake yi a kan ingancin waɗannan gidaje, a nan take komawa: akwai mai wannan minti ashirin ɗin, ko babu?

Wace cuta ce wannan?

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci suna kiransa dimenshiya. Ba tsufa ba ne kawai, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, abin ya taɓa tunawa, magana, gane hanya, har ya kai ga tafiya da haɗiyar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, kuma duk shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, mai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, wanda ya samo suna daga likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Akwai wanda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa, akwai na Lewy mai sa gane-gane.

A Birtaniya masu cutar sun kusa miliyan ɗaya. Akasarinsu suna gidajensu, amma ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na mazauna gidajen kula da tsofaffi suna da cutar ko wata babbar matsalar mantuwa. Ke nan sunan ne kawai gidan tsofaffi, aikin da ake yi a ciki na jinyar masu mantuwa ne, ko an shirya masa ko ba a shirya ba.

Shirun da ƙwaya ke kawowa

Baƙo ya shiga falo ya tarar da tsofaffi goma sha biyu jere a kujeru, kowa ya langaɓe kai, talabijin na ta yi shi kaɗai, sai ya ce, "Kai, gidan nan akwai natsuwa." Wanda ya san harkar, gabansa ne zai faɗi.

A 2009 gwamnatin Birtaniya ta karɓi rahoton Farfesa Sube Banerjee kan yadda ake ba masu mantuwa magungunan taɓin hankali masu ƙarfi, irin waɗanda aka yi domin masu cutar sikizofiriniya. Ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 ake ba wa a shekara, kuma waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba. A ɗaya ɓangaren, magungunan suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 duk shekara, ban da wasu 1,620 da ke gamuwa da shanyewar ɓarin jiki da dangoginta. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan kwalin irin waɗannan ƙwayoyi, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu mantuwa. Duk da haka, a 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a kowane mako ana ɗura su ga mutum sama da 179,000 a gidajen jinya na Amurka, alhali ba su da cutar da aka yi maganin dominta.

Me ya sa? Domin maganin yana aiki, sai dai ba ga maras lafiyan ba. Wanda aka ba ya daina yawo, ya daina kira, ya daina ƙin wanka. Ma'aikata biyu sun iya riƙe mutum ashirin. Shi kuwa ƙafarsa ta yi nauyi, ya riƙa faɗuwa, barci ya hana shi ci da sha, ya ƙware da abinci, ciwon huhu ya biyo baya. Masu nau'in Lewy ma ƙwaya kaɗan tana iya kai su gargara.

Ba a ce maganin ba shi da gurbi ba. Akwai wanda tsoro da gane-gane ke azabtarwa, akwai wanda zai iya ji wa kansa ko wani rauni. Domin irin wannan aka amince da maganin risperidone a Birtaniya, amma na ɗan lokaci, mako shida, bayan an gwada sauran hanyoyi sun ci tura. Matsalar ita ce mako shida kan koma shekara biyu, don ba wanda ya tuna ya sake duba takardar. Bayan rahoton Banerjee an rage rubuta magungunan ƙwarai, sai zamanin korona ya zo, aka rufe gidaje, adadin ya sake hawa.

Ruwa ba ya tsami banza

Mutumin da kalmomi suka ƙwace masa ba zai ce "haƙorina ke ciwo" ba. Zai ture cokali, ya ciji mai ba shi abinci, a rubuta a littafi cewa ya yi faɗa. A 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da Bettina Husebo da abokan aikinta suka yi a Norway, a kan mutum 352 masu mantuwa da ke yawan tada hankali. Aka raba su biyu, aka ba kashi ɗaya maganin ciwo a kai a kai na tsawon mako takwas, yawancinsu farasitamol kawai. Tashin hankalinsu ya ragu da kashi 17 cikin ɗari. Da aka janye maganin, abin ya fara dawowa. Ashe da yawansu ciwo suke ji, bakin faɗa ne babu.

Haka abin yake ga cutar mafitsara, taurin bayan gida, ƙishirwa, takalmin da ya matse, ko na'urar ji da batirinta ya mutu. Tsoho ya kwana lafiya ya tashi a birkice, sai a ce cutar ce ta ci gaba, alhali zazzaɓi ne ke cinsa, kuma da an gane da wuri da ya warware cikin kwanaki.

Wata ƙanwata da ke aiki a irin wannan gida a arewacin Ingila ta ba ni labarin wani dattijo da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba kullum, yana bubbuga ƙofofin mutane. An yi ta rubuta shi a matsayin mai fitina, har an fara maganar ƙara masa maganin barci. Sai da 'yarsa ta zo aka ji cewa shekara talatin ya yi yana raba madara gida-gida. Daga ranar, mai aikin dare ta riƙa ajiye masa kwalabe a kwando, ya jera su a bakin kicin, a ba shi shayi, ya koma ya kwanta. Ba a kashe ko kwabo ba. Abin da ya ba ni haushi a labarin shi ne wata takwas ya yi a gidan kafin wani ya tambayi sana'arsa.

Wannan shi ne abin da Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya yi ta nanatawa kafin rasuwarsa a 1998: a fara ganin mutumin kafin cutar. Kuma an gwada an gani. A 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna WHELD, wanda Farfesa Clive Ballard ya jagoranta a gidaje 69 da mazauna sama da 800. An horar da ma'aikata su san tarihin kowa, aka ware wa kowane mazauni awa ɗaya a mako na hira ko wani abin da yake so. Jin daɗin rayuwarsu ya ƙaru, tashin hankali ya ragu. Awa ɗaya a mako! Mai karatu ya auna yadda sauran awowin suke.

Kulle ƙofa: tsaro ne ko ɗauri?

Ba wanda zai so kakarsa ta fita cikin dusar ƙanƙara da rigar barci. Amma daga kulle ƙofar waje zuwa kulle ta ɗaki, zuwa kujera mai zurfi da ba a iya tashi daga cikinta, zuwa ƙarfen gefen gado, tazarar ba ta da yawa, kuma kowanne da sunan tsaro ake yinsa. Ƙarfen gado ma ba ya hana mai ruɗewa sauka, hawa kansa yake yi ya faɗo daga inda ya fi tsawo. Wanda aka hana tafiya don kada ya faɗi, cikin 'yan makonni ƙafar ta mutu, gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da dunduniya.

Dokar Ingila ta 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauka kowa yana da hankalin zaɓar wa kansa sai an tabbatar da akasin haka, kuma in za a zaɓa masa, a bi hanyar da ta fi ƙarancin takura. A 2009 aka ƙara sharaɗin cewa duk gidan da zai tsare mutum sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, a turo masu bincike daga waje. A Maris 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Cheshire West, ta faɗaɗa ma'anar tsarewa: muddin ana sa wa mutum ido ba dare ba rana kuma ba shi da ikon tafiyarsa, to tsararre ne, ko da yana cikin daula. Mai shari'a Lady Hale ta kwatanta abin da keji, wanda ko na zinariya ne sunansa keji. Neman izinin ya tashi daga ƙasa da 14,000 a shekara zuwa sama da 300,000. Doka ta ce a kammala cikin kwana 21, amma mutum sama da 100,000 kan kasance a layi, wasu har su rasu ba a zo duba su ba.

Korona ta nuna ƙarshen wannan tunani. Tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilun 2020 an sallami kusan mutum 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen kula, ba tare da tilasta gwaji ba, matakin da Babbar Kotu ta ce ya saɓa doka a Afrilun 2022. A lokaci guda kuma an hana iyalai shiga na tsawon watanni. Mai mantuwa bai san me ake nufi da annoba ba, abin da ya sani shi ne fuskar da ya saba gani ta ɓace. Da yawa sun daina cin abinci. Sai a Afrilun 2024 aka mayar da ziyara haƙƙin da doka ta wajabta wa gidajen.

Hannu nawa ne a bakin aiki?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a zahiri ɗaga tsoho daga gado da na'ura sai mutum biyu. Idan biyun nan su ne duka ma'aikatan bene da dare, to muddin suna ɗaki ɗaya sauran mazauna suna hannun Allah. Ingila ba ta ƙayyade yawan ma'aikata da lamba ba, cewa kawai ta yi su wadata. Ostireliya ta ɗanɗana kuɗar wannan. Bayan badaƙalar gidan Oakden a Adelaide, ta kafa babban kwamitin bincike a 2018, wanda ya sa wa rahotonsa na wucin gadi suna da kalma ɗaya, sakaci, ya kuma kammala a 2021 da shawarwari 148. Daga Yulin 2023 dole kowane gida ya kasance da cikakkiyar nas dare da rana, daga Oktoban 2024 kuma a matsakaici kowane mazauni ya samu kulawar minti 215 a rana, 44 daga ciki na nas.

A Ingila albashin mai kula da tsofaffi yana dab da mafi ƙarancin albashi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan kan bar wurin aikinsu duk shekara. Ga mai mantuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk sabuwar fuska baƙo ne da ya shigo ɗaki yana neman tuɓe masa riga. Alzheimer's Society ta ce waɗanda suka samu horo kan cutar ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Da guraben da babu kowa suka kai kusan 165,000, Birtaniya ta buɗe bizar masu aikin kula a Fabrairun 2022, kuma 'yan Najeriya suna cikin waɗanda suka fi kowa shiga, tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe. Wasu sun dace. Wasu sun sayar da fili sun biya dillalai miliyoyin naira, suka isa suka tarar babu aikin, ko kuma akwai amma bizarsu tana hannun mai gidan. A Maris 2025 gwamnati ta ce ta soke lasisin ɗauko ma'aikata na kamfanoni sama da 470, abin da ya shafi mutum sama da 39,000. An hana zuwa da iyali a Maris 2024, aka rufe ƙofar ɗauka daga waje a Yulin 2025. Wannan ba maganar haƙƙin ma'aikaci ba ce kawai. Wadda take tsoron a kore ta a mayar da ita gida, in ta ga an mari tsohuwa, da wane bakin za ta kai ƙara?

Wa ke sa ido?

Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke rajistar gidajen tana ba su maki huɗu: na musamman, mai kyau, mai bukatar gyara, da wanda bai isa ba. Rahotanninta suna intanet, kowa na iya karantawa. Sai dai a duba kwanan wata. A Yulin 2024 binciken Dakta Penny Dash ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da ke ƙarƙashin hukumar ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma rabon da a leƙa su an yi shekaru, har sakataren lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa ba.

Gidan Orchid View da ke West Sussex misali ne da ba a mantawa. Sabon gini ne mai kyan ɗan maciji, kuma hukumar ta ba shi maki mai kyau a 2010. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mazauna 19, ta yanke cewa sakaci ya taimaka a biyar daga ciki. An bar mutane cikin ƙazanta da ƙishirwa, an yi ta kuskuren magani. Ba sufeto ne ya tona asirin ba, wata ma'aikaciyar ofis ce da aka sa ta yayyaga takardun magani, ta kira 'yan sanda.

Kuɗin fa?

Asibiti kyauta ne a Ingila, amma kula da mai mantuwa ba a lissafa shi cikin jinya, sai an auna dukiyarka. Wanda ya mallaki sama da fam 23,250, iyakar da ba ta motsa ba tun 2010, shi zai biya wa kansa, sau da yawa fiye da fam 1,000 a mako, har ta kai ga sayar da gida. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta gano a 2017 cewa masu biya da aljihunsu suna biyan kusan kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ƙananan hukumomi ke biya a gida ɗaya. Yawancin gidajen na 'yan kasuwa ne. Kamfanin Southern Cross, mai Orchid View, ya durƙushe a 2011 da gidaje kusan 750 da mazauna 31,000, saboda ya sayar da gine-ginensa ya koma haya, hayar ta fi ƙarfinsa. A Faransa, littafin ɗan jarida Victor Castanet na Janairun 2022 ya zargi kamfanin Orpea da ƙididdige wa tsofaffi abinci da ƙunzugu a gidajen da ake biyan kuɗi masu tsada. Tsada dai ba shaida ba ce.

Ƙauyen da ake yawan misali da shi

A garin Weesp na ƙasar Holan akwai De Hogeweyk, wanda aka buɗe a 2009. Mutum shida ko bakwai ne a kowane gida, ana girki a gabansu, akwai kanti da gidan abinci da dandali, ma'aikata ba sa sa kayan asibiti, mazauni na iya fita ya zaga unguwa shi kaɗai domin ƙofar fita waje guda ɗaya ce. Masu suka suna cewa wasan kwaikwayo ne aka shirya wa marasa lafiya. Ni ban ga laifinsa ba, illa dai masu kwaikwayonsa sukan ɗauki ginin su bar ainihin abin, wato mutane kaɗan, fuskokin da ba sa canzawa, da barin mutum ya ci gaba da fere dankalinsa ko da zai ɗan yanke yatsa.

Idan za ka duba gida

Ko kana neman wa wani naka wuri a can, ko aiki za ka kama, kada ka tsaya a falon baƙi. Je ka lokacin cin abinci. Duba ko akwai mai zama kusa da wanda ba ya iya ci da kansa, ko kuwa ajiye faranti ake yi a dawo a ɗauke shi yadda yake, a rubuta "ya ƙi ci". Duba ko kofin ruwa yana inda hannu zai kai. Dubi farce, haƙora da tabarau. Saurari yadda ake magana: da mutumin ake yi, ko a kansa ake yi kamar ba ya wurin? Tambayi ma'aikata nawa ke kwana, nawa ne na haya daga kamfanin waje, shekara nawa manaja ya yi a kujerarsa, mazauna nawa ke shan maganin taɓin hankali kuma yaushe likita ya sake dubawa. Gidan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ga namu kuma akwai ƙari. Mai mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma ya koma na goyo, don haka dattijon da ya yi shekara arba'in yana Turanci a Landan yana iya wayar gari ba ya jin komai sai Hausa. Tambayi wa zai yi magana da shi, wa zai tuna masa lokacin salla ya taimaka masa da alwala, ko naman halal ne, ko za a kiyaye cewa mace ce ke yi wa mace wanka. Rubuta tarihinsa a takarda ɗaya, da sana'arsa, da sunan da yake amsawa, da abin da ke tsorata shi, ka miƙa wa masu aikin dare hannu da hannu. Bayan an karɓe shi kuma kada ka sa wa ziyararka rana ɗaya sananniya. Ka zo da safe, ka zo da dare, ka zo ran Lahadi, kuma duk zuwa ka nemi a nuna maka takardar maganinsa.